Yarinyar da na hana rarrafe

Ba zan faɗi sunanta ba. Ko a tsakar gida ba na faɗa, domin 'yar fari ce, kuma a gidanmu har yau ana wannan kunyar. Ita ma ba ta ce mini Umma, Anti take ce mini, kamar yadda ta ji ƙannena suna faɗa. Zan riƙa cewa yarinyar.

A gidan iyayena na haife ta, a wani gari cikin Jigawa, ana saura 'yan makonni zaɓen 2015. Shekarata 19 a lokacin. Na je wankan gida, saboda haka komai na jaririya a hannun Inna yake, ni nawa shayarwa ne kawai, shi ma sai na juya baya. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san wankan jarirai. A miƙe ƙafa a ɗora jariri a kai, a gasa cibi, a ja hannaye a haɗa su, a lanƙwasa ƙafafu, daga ƙarshe a ɗan cilla shi sama wai don kada ya tashi matsoraci. Haka Inna ta yi mini, haka ta yi wa ƙannena bakwai, babu wanda ko targaɗe ya samu.

Ranar da yarinyar ta cika kwana 19, ina ɗaki ina shan kunun kanwa, Inna na yi mata wanka, na ji wani irin kuka da ban taɓa ji ba. Kuka ne mai tsini, ya tsaya cak, sannan ya dawo. Na miƙe zan fita, kunya ta mayar da ni na zauna. Har yau in na tuna wannan zaman sai in ji haushin kaina. Kafin la'asar cinyarta ta hagu ta kumbura, ba ta motsa ƙafar.

Aka kai ta wajen wani tsoho mai ɗori a bayan gari. Ya shafa, ya yi tofi, ya jera tsagin kara ya ɗaure da tsumma, ya ce karaya ce. Cikin 'yan makonni ƙashi ya kama. Wannan shi ne abin da ya ruɗe mu shekara da shekaru: ƙashinta yana ɗoruwa kamar na kowa. In ya warke sai a ce tsautsayi ne, ya wuce.

Na koma ɗakina a Kano. Tana wata biyar hannu ya karye, ina sa mata riga. Tana wata takwas ƙwauri ya tsage, na goya ta ne kawai na ja majanyi. Daga nan bakin mutane ya buɗe. Dangin maigidana suka ce yarinya ce ni, ban iya raino ba. Wata ta ce a bincika, ko akwai mai kambun baka a unguwa. Wata tsohuwa ta leƙa fuskarta, ta ga farin idonta ya yi shuɗi-shuɗi kamar an ɗiga bula, ta ja da baya ta ce anya wannan ba 'yar ruwa ba ce. A wani ƙaramin asibiti kuwa, ma'aikaciyar jinya ta kore kowa daga ɗakin ta tambaye ni, tsakanina da Allah, wa ke dukan yarinyar nan. Ban iya ba ta amsa ba, sai hawaye. Maigidana ba mai magana ba ne. Bai taɓa cewa laifina ne ba, amma kuma bai taɓa cewa ba laifina ba ne, kuma a lokacin shirun nan ya fi mini zagi ciwo.

Mun yi rubutu, mun yi hayaƙi, mun yi sadakar waina ranar Juma'a. Addu'a kam har gobe ina yi. Amma abin da na yanke a raina ni kaɗai shi ne wanda nake so iyaye su ji. Na ce tunda motsi ke karya ta, to ba za ta ƙara motsi ba. Na gyara mata lungu a kan katifa, na kewaye da matasan kai. Na daina goyo. Na hana kowa ɗaukarta. In ta yi yunƙurin kifewa don ta yi rarrafe sai in mayar da ita rigingine. In ta kama gefen gado za ta ɗago sai in ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya, ina lallashi. Kusan shekara biyu muna haka. Bakinta ya buɗe da wuri, tana da surutu da wayo, tana kwance tana ba ni labari, ƙafafunta kuwa sun zama kamar sillen kara, cinyoyin sun lanƙwashe kamar baka. Kuma karayar ba ta tsaya ba. Akwai wadda ta samu tana juyi cikin barci.

Tsohon nan mai ɗori, Allah ya jiƙansa, shi ya fitar da mu. A karo na biyar da muka je masa, ya duba ƙafar ya ƙi taɓawa. Ya ce wa maigidana: "Malam, na gaji sana'ar nan daga ubana, ban taɓa ɗora yaro ɗaya sau biyar ba. Wannan ba karayar faɗuwa ba ce, ƙashin ne da kansa. Ku kai ta Dala." Ko sisi bai karɓa ba ranar.

A Asibitin Ƙashi na Dala aka ɗauki hoton ƙasusuwanta. Likitan bai fara da ƙafar ba. Idonta ya buɗe ya duba, sannan haƙoranta, waɗanda suka fito launin toka suna ɗan sheƙi, suna gutsurewa. Ya tambaya ko tana yawan gumi, na ce ko da sanyi sai ta jiƙa matashi. Ya tambaya ko ni da mahaifinta 'yan uwa ne, muka ce ɗan kawuna ne. Sai ya ce ciwo ne da ake haihuwar mutum da shi, likitoci na taƙaita sunansa da OI, ma'anarsa ƙashin da bai ginu daidai ba. Ni dai tun ranar ciwon gautsin ƙashi nake ce masa.

Ya yi mana misali da gini. Ya ce ƙashi siminti ne da rodi. Simintin shi ne kalsiyam, rodin kuma wani sinadari ne mai suna kolajin, shi ke sa ƙashi ya ɗan ba da kai ba tare da ya ɓalle ba. Ita rodinta ne bai cika ba, ko kuma bai yi ƙwari ba, shi ya sa ko za ta shanye madarar kasuwar Singa ba zai warkar da ita ba. Wannan kolajin ɗin yana cikin farin ido da haƙori da jijiyoyin gaɓoɓi, shi ya sa duk suka nuna alama. Ya ce a cikin haihuwa dubu 15 zuwa dubu 20 ake samun ɗaya. Wasu suna gadonsa daga uwa ko uba mai ciwon, wasu a kansu yake farawa, wasu kuma sai iyayen biyu suna ɗauke da shi a ɓoye, wanda ya fi faruwa a auren zumunci. Ya ce babu maganin da ke raba mutum da shi, amma akwai abin yi da yawa. Sannan ya dube ni ya ce: "Baiwar Allah, ba ke kika karya ta ba."

Na yi kuka a ofishin nan har na ba kaina kunya. Da daddare na kira Inna na gaya mata. Tun ranar wankan nan Inna ba ta ƙara ɗaukar jaririn kowa ba, ita da ake aikowa daga unguwanni ta je wankan jego. Ta saurare ni har na gama, ta ce to Alhamdulillahi. Amma da muka je gida da Sallah, daga nesa ta tsaya tana yi wa yarinyar wasa, hannayenta a naɗe cikin mayafi.

Aka tura mu sashen gashin ƙashi. Ni a zatona wata fitila za a kunna a gasa mata ƙafafu. Muka tarar da wata mata, ba ta girme ni sosai ba, zaune a kan shimfiɗa a ƙasa. Ranar farko ko taɓa yarinyar ba ta yi ba. Ta gangara mata wata ƙaramar ƙwallo, ta tsaya tana kallon yadda take miƙa hannu. Sannan ta tambaye ni yadda take wuni. Na faɗa mata da alfahari, har da matasan kai, ina jiran yabo.

Ta ce: "Maman yarinya, ƙashi ba ya son hutu."

Ta yi mini bayani a hankali. Tsoka ce ke jan ƙashi, kuma wannan jan da nauyin jiki su ke sa ƙashi ya yi kauri. Ko lafiyayyen mutum aka kwantar wata da watanni, ƙashinsa zai zube. Ita kuwa da ma nata ba ƙwari, ga ɗauri na makonni duk bayan karaya, ga kwanciyar da na ɗora mata. Ɗauri ya rage ƙashi, ragowar ƙashi ya sake karyewa, a sake ɗaurewa. Ta zana mini da'ira a bayan kati da biro, ta ce aikinmu ni da ita shi ne mu tsinka wannan zagayen.

Raina ya ɓaci. Wato shekara biyun da na yi ban yi barcin kirki ba, cutar da ita nake yi? Na ce: "Likita, in na bar ta ta motsa ta karye fa?" Ta ce: "Za ta karye. A kwance ma ai tana karyewa. Ni dai ba zan yi miki alƙawarin da ba zan iya cikawa ba. Amma gara ta karye tana da tsokar da za ta tashe ta." Na fito ina cewa a raina wannan ba ta haihu ba ne shi ya sa. Daga baya na ji 'ya'yanta uku.

Abin da ta fara koya mini shi ne ɗauka. Ba a sa hannu a hammata a ɗaga ta, haƙarƙari zai iya tsagewa. Hannu ɗaya a ƙarƙashin mazaunai, ɗaya a bayan kai da kafaɗu, yatsu a buɗe don nauyin ya bazu. Wajen tsarki ba a kama idon sawu a ɗaga ƙafafu, sai dai a zura hannu ƙarƙashinta ko a mirgina ta gefe. Riga mai buɗewa ta gaba, a shimfiɗa ta a ɗora yarinyar a kai, kada a tura hannu cikin matsattsen hannun riga. Na kwashe kayanta duka na kai wa tela ya tsaga ya sa maɓalli. Babbar dokar kuma ita ce ba a jan gaɓa, ba a murɗawa, ba a miƙar da ita da ƙarfi. Gaɓoɓinta da ma sakwa-sakwa suke. Duk motsin da za a yi, ita za ta yi da kanta, ni nawa in ja hankalinta. Sai na ga ashe gashin nan rabinsa wayo ne. A ajiye abin wasa inda sai ta miƙa. A kwantar da ita rub da ciki na ɗan lokaci don wuya da baya su yi ƙarfi. A sa ta hura balan-balan saboda ƙirji. Da ta fara jan gindi a kan tabarma daga ɗaki zuwa bakin ƙofa, na ji kunya kada maƙwabta su gani, likitar kuwa tafi ta yi, ta ce tafiya ce wannan, a bar ta ta je duk inda take so.

Sai ruwa. Ta ce a cikin ruwa jiki ba ya da nauyi, ƙafa za ta yi aiki ba tare da ƙashi ya ɗauki kaya ba, kuma ruwan da kansa yana turjewa, tsoka ta samu abin turawa. Maigidana ya je kasuwa ya sayo baƙar robar nan babba ta masu wanki. Kullum bayan azahar sai in sayi jarka uku wajen mai garuwa, in surka da ɗumi, in zauna a kujera 'yar tsugunno ina tallafe da ita. Ba a barinta ita kaɗai ko na ƙiftawar ido. Ranar farko ta ƙanƙame ni tana ihu. A rana ta huɗu ta saki wuyana, ta harba ƙafa, ruwa ya fallatso mini a fuska, ta ƙyalƙyale da dariya. Ƙafar da na yi shekara biyu ina lulluɓewa, ashe tana iya harbi. Ruwan kuma ba ya zubewa banza, da shi nake wanki. Lokacin hunturu gawayi ya ci kuɗinmu ba kaɗan ba.

Tana kusan shekara huɗu aka fara tsayar da ita, jingine da benci, na 'yan daƙiƙu. Wata rana a gida, ina tsaye a gabanta, na ji ƙas. Cinyar dama. Duk abin da na haɗiye ya dawo. Na ce ai ga irinta nan, na daina zuwa gashi, na jawo matasan kaina na sake jerawa. Wata biyu ban je ba, likitar ta kira na ƙi ɗagawa. Abin da ya karya ni shi ne yarinyar da kanta. An cire mata filasta, tana kwance a lungunta, ta dubi robar da na kife a bayan ƙyaure ta ce: "Anti, laifi na yi aka daina sa ni a ruwa?" A daren nan maigidana ya yi maganar da ta fi kowace tsawo tun aurenmu. Ya ce shi ma tsoron yake ji, har a wajen aiki in waya ta yi ƙara gabansa faɗuwa yake yi. Ya ce amma ya lura tun da aka fara ruwan nan yarinyar ta daina kallon rufin ɗaki. Washegari shi ya ɗauke ta muka koma.

Likitar ba ta yi mini gori ba. Ta koya mini abin da ake yi in an karye: a tallafe gaɓar yadda take, a naɗe da kwali da tsumma mai laushi, a ba da maganin ciwo, a tafi asibiti ba tare da gigita ba. Ta ce ko tana cikin ɗauri, sauran gaɓoɓin ba su karye ba, su ci gaba da aiki. Da an cire kuma, a koma ruwa da zarar likitan ƙashi ya yarda.

An kuma sa ta a wani magani da ake ƙarawa ta jijiya duk bayan 'yan watanni, famidironet. Ba ya gyara rodin, amma yana rage saurin zaizayewar ƙashi, simintin ya ƙaru. Karon farko ta yi zazzaɓi mai zafi, da ma an gaya mana za a iya yi. Abin da na fi gani shi ne ciwon jiki ya ragu, ta daina kukan dare. Kuɗinsa kuwa, na sayar da sarƙar aurena, na shiga adashi biyu, wani zagayen ma mun tsallake shi don babu.

Da aka kulle Kano lokacin korona a 2020, zuwa asibiti ya gagara. Likitar ta riƙa turo mini saƙon murya ta WhatsApp, ni kuma in ɗauki bidiyo in tura mata ta gyara. Maigidana da ba ya fita ya samo gora biyu ya kafa a tsakar gida, daidai tsayin ƙugunta, ta riƙa dafawa. Bayan an buɗe gari aka yi mata aiki a cinyoyin da suka lanƙwashe: aka yanka ƙashin, aka miƙar, aka zura ƙarfe a tsakiyarsa. Akwai irin wanda ke tsawo tare da yaro, mu wanda ƙarfinmu ya kai shi ne wanda ake canzawa in ta girma. Bayan aikin sai da muka koma kamar farko, ruwa, benci, gora. Tana da shekara shida da rabi ta yi taku huɗu tsakanin gorar nan. Ban yi guɗa ba, 'yar fari ce. Na shiga ɗaki na yi sujada.

Na sake haihuwa biyu, duk lafiyarsu ƙalau, amma kowane ciki sai da na yi wata tara ina lissafi. Makaranta ma an sha fama. Wata ta ce ba za ta ɗauki alhaki ba. Wadda ta karɓe ta, sai da na je na zauna da malamai na nuna musu yadda ake ɗaukarta, na roƙi malamin Islamiyya ya ɗauke mata bulala, in ta yi laifi a ƙara mata hadda. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kuɗin adaidaita sahu ya fi ƙarfin zuwa kowane mako, sai sau ɗaya a wata, sauran a gida.

Yanzu shekararta goma. Karaya 14 na ƙirga, ban da ƙananan da ba mu je hoto ba. Tsayinta bai wuce na ƙaninta mai shekara shida ba. A cikin gida tana tafiya da keken katako irin na tatata da kafinta ya yi mata babba, in da nisa kuma keken guragu, kuma na daina jin nauyin kalmar. Ana duba kunnenta lokaci-lokaci, domin ciwon kan taɓa ji in an girma. An ce mana karayar kan ragu bayan balaga, muna fata. Ta fi ni sanin jikinta. Takan ce: "Anti, wannan ba karaya ba ce, bari zuwa gobe," kuma yawanci gaskiyarta ne. Tsoron bai tafi ba. In tana wasa da ƙannenta hannuna kan miƙe da kansa, sai in mayar da shi in kama tsintsiya ko wani abu.

Watan jiya Inna ta zo ganin likitan ido ta kwana biyu a wurinmu. Da azahar na sa yarinyar a ruwa, sai tukunya ta fara ƙonewa a kicin. Ina juya miya ina leƙensu ta taga, Inna na zaune a gefen robar tana gadi, hannaye cikin mayafi yadda ta saba. Sai na ji yarinyar ta ce: "Inna, sanyi nake ji, fito da ni."

Inna ta ce: "Bari uwarki ta zo."

"Ke dai tsohuwar nan tsoro gare ki. Kawo hannunki. Ɗaya nan ƙasa. Ɗaya nan bayana. Buɗe yatsunki, kada ki matse. To ɗaga."

Na ajiye ludayi, ban fito ba. Inna ta yi bisimilla ta ɗago ta, ruwa na zuba a zaninta, ta ɗora ta a cinya. Ta daɗe ba ta ce komai ba. Can ta goge ido da gefen mayafi ta ce: "Kishiya, ashe haka kika yi nauyi? Duk abincin mijina ke kike cinyewa."